Burtalin Kwarin Gamji

Lahadi, 5 ga Yuni 1955, bayan la'asar

Tun da na ajiye aiki ban ƙara buɗe littafin nan ba. Me zan rubuta? Mutumin da ya yi shekara talatin da wani abu a En'e, ya fara daga malamin jangali, ya riƙe magatakardan gunduma, ya ƙare a Katsina yana duba daji da burtali na ƙasa guda, yau aikinsa zaman zaure a Batsari da korar awaki daga gindin rumbu. Amma yau sai na rubuta, in ba haka ba zan sauke haushina a kan matata Hansai, alhali ba ita ta yi ba.

Ardo Manu ya zo da hantsi. Tun ina saurayi ina bin rugage da alƙalami a kunne na san shi, a rugarsu ta wajen Ruma na fara kwana ran da aka tura ni daji. Bai taɓa zuwa gidana hannu sake ba. Yau ko ƙwaryar nono bai riƙo ba. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi shanu. Ya ce suna kan hanyar dawowa daga kudu, babban ɗansa Lado na tafe da su. Sai ya murza sandarsa.

Ya ce, "Malam Armaya'u, burtalinka babu shi."

Na ce wane.

"Na Kwarin Gamji. An tuge aguwar da ka dasa, an kafce, an shuka gyaɗa tun daga gindin dutse har bakin mashaya."

Ni na shata burtalin nan, shekarar da ta biyo bayan ɓarnar fara. Tsakanin Ruma da Runka babu wata hanya da garke zai bi ya shiga daji da damina bai taka gonar mutum ba sai ita. Da ƙafa muka taka ta ni da shi, masu gari suna biye, kowa ya ɗaga hannu ya ce ya yarda. Tun daga lokacin ba a ƙara fasa kan kowa a kwarin nan ba.

Na ce wa ya yi. Ya ce, "Ban zo kawo ƙarar kowa ba. Ka je ka gani da idonka."

Na ce ya aika wa Lado ya tsayar da garken a hayin rafi, kada ko ɗan maraƙi ya haye, kafin Juma'a zan sa a buɗe hanya. Ya dube ni, ya ce to.

Talata, 7 ga Yuni, da azahar

Na je ofishin gunduma. Masinja ya ce in jira a benci. Ni. A bencin da na sa kafinta ya yi. Na zauna tare da masu rigimar jaki da wata tsohuwa da ta zo neman lamba, har rana ta take.

Da Malam Daudu ya fito, shi ne magatakarda yanzu, ya durƙusa har ƙasa. Ranka ya daɗe, ai da ka aiko. Ranka ya daɗe, wa ya bar ka a waje. Ni na koya masa riƙon alƙalami, a gidana ya ci tuwo shekara biyu. Ya sa aka kawo mini kujera da ruwa. Na gaya masa abin da ke tafe da ni.

Ya ce, "Baba Malam, ai Kwarin Gamji ba a ƙasarmu yake ba. Ɓangaren Safana ne."

Na ce rabi nan ne rabi can, kuma ya sani.

"To sai dai a rubuto, a bi ta hanya."

Na ce shanu na hayin rafi, shanu ba su san a rubuto ba. Ya yi dariya, wai har yanzu Baba Malam bai bar barkwanci ba. Ya rako ni har bakin ƙofa, ya riƙe mini linzamin godiya na hau. Ladabi kamar ya kwanta. Ban samo komai ba.

Alhamis, 9 ga Yuni, gab da magariba

Kowa ya tafi cin kasuwa, ni na yi Kwarin Gamji.

Gaskiyar Ardo. Aguwar tana zube a gefe an tara ta ta bushe. Itacen dashin da na kafa a kusurwoyi an sare shi, sai kututture. Kunya-kunya ce miƙe sambal, gyaɗa ta fara tsago ƙasa. Ba gonar mutum ɗaya ba ce, an yanka an raba. Na ga Barau mai jaka a tasa yana cike gurbi. Da ya hango ni ya sunkuyar da kai kamar ya ga surukinsa.

Babbar gonar ita ce ta tsakiya, wadda ta toshe bakin mashaya. Da garmar shanu aka yi ta. Bijiman suna ɗaure a gindin gamjin, ja da mai farin goshi. Na san su. A ƙofar gidana ake ba su harawa da rani.

Ban tambayi kowa komai ba. Na juya godiya.

Juma'a, 10 ga Yuni, bayan masallaci

Yau ce Juma'ar da na ce wa Ardo.

Asabar, 11 ga Yuni, da hantsi

Hansai ta kawo kunu ta tsaya, ba ta fita ba. Ta ce, "Malam, kwana biyu ba ka cin abinci."

Na ce tun yaushe ta sani.

Ta ce tun kafin azumi. Tasalla, matar ɗan namu, ce ta faɗa mata a bakin rijiya.

Duk gidan sun sani ke nan, har da masu aikin gayya da suka ci tuwona suka tafi tuge aguwata. Ni kaɗai ne ban sani ba, ni da aka ce babu abin da ke motsi a ƙasar nan ban ji ba.

Ɗan farina ne, bakina ba ya kama sunansa. A gari Sammani suke ce masa. Tun yana yaro ban saba zama in yi doguwar magana da shi ba, haka muka taras ana yi, kuma ni ina Katsina, ina rangadi, ina ko'ina sai gida. Hansai ta ce in yi masa magana ta bakin kawunsa. Na ce wannan ba ta bakin kawu ba ce. Ta ce, "To ka bi a hankali, Malam, shi ma yanzu magidanci ne." Ta ɗauki kunun ta fita da shi, ban sha ba.

Litinin, 13 ga Yuni, bayan la'asar

Safana. Na tashi da asuba, gwiwata ta hagu tana ta ƙara.

Malamin da na taras yaro ne sabon fitowa daga makarantar Midil, da agogo a hannu. Bai san ni ba. Na faɗi sunana, ya ce Armaya'u wa. Wani tsohon ɗan doka ne ya miƙe ya sara mini, ya raɗa masa wani abu a kunne, sannan aka ce in zauna.

Ya saurare ni da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Da na gama ya ce, "Ranka ya daɗe, ai bakin mashayar a ɓangaren Batsari yake. Can za ka koma."

Na ce daga can nake.

Ya ce to sai dai Bature Di'o, yana zuwa rangadi mako na sama.

Na biya ta hayin rafi a dawowa. Garken ya iso. Lado ya tsare su a wani ɗan fako, gonaki gaba gonaki baya, dawa ta fara tasowa ko'ina. Sun cinye ciyawar wurin har ƙasa. Samari suna tsaye kewaye da su da sanduna, ba mai zama, don saniya ɗaya ta zille an shiga uku. Lado ya zo ya riƙe mini likkafa. A hannuna aka yanka ragon sunansa.

Ya ce, "Baffa, har yaushe?"

Na ce har Di'o ya zo. Ya ce, "Mu za mu iya. Nagge ce ba ta san Bature ba."

Laraba, 15 ga Yuni, bayan magariba

Na sa aka kira ɗan nawa. Ya zo ya durƙusa a bakin zaure, ya gaishe ni kamar kullum. Na ce ya shigo. Na ce ya tuge.

Ya ce, "Baba, da izini na shuka."

Na ce izinin wa.

"Wanda ke da ikon bayarwa."

Na ce sunansa. Ya ƙi faɗa. Na sake tambaya, ya sake ƙi. Na ce babu mai ikon bayar da burtali a ƙasar nan, ko Razdan bai isa ba sai an zauna. Ya ce shi dai an nuna masa, kuma ba shi kaɗai ba ne, in ya tuge tasa wa zai tuge ta Barau da ta sauran.

Na ce ka fara, su bi.

Kansa a ƙasa ya yi maganar, amma na ji ta tas. Ya ce, "Baba, a zamaninku daji ya fi mutane yawa. Yanzu mu uku ne a kan gonar da ka gada, ta gaji, ko gero ba ta yi. Abokan aikinka kowa ya fito da fadama, wani da garka, wani da gida a birni. Kai ka fito da lambar yabo. Ban ce laifi ba ne. Amma 'ya'yana ba za su ci lamba ba."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Na ɗaga hannu, na sauke. Na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Lamba. Wai lamba.

Alhamis, 16 ga Yuni, da safe

An yi ruwa mai ƙarfi. Gyaɗar za ta ji daɗi.

Asabar, 18 ga Yuni, da azahar

Na koma wurin Daudu. An ce ya fita duba hanya saboda zuwan Di'o. Kekensa na jingine a bayan ofis.

Na je gaisuwa fada, inda ya kamata in je. An karɓe ni da fara'a, an tambayi gwiwata, an ba ni goro. Da na ɗauko maganar sai aka kira wani a duba doki. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Ardo ya aiko cewa maruƙa sun fara faɗuwa. Bai ce komai a kan Juma'ar da ta wuce ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Talata, 21 ga Yuni, bayan la'asar

Di'o ya sauka a barikin gwamnati. Na sa farar rigata ta ranar sallama, na naɗa rawani, ban maƙala lambar ba. Hansai ta fito da ita daga akwati, na ce ta mayar.

Yaro ne shi ma, jan fuska, bai shekara a ƙasar nan ba. Turawan da na yi aiki da su duk sun koma gida. Hausarsa ta littafi ce, in an yi sauri sai ya dubi Daudu, Daudu ya juya masa. Ni kuwa na ji Turanci daidai gwargwado. Na ce hanya ce da aka shata da yardar kowa, Daudu ya ce masa tsohuwar hanyar shanu ce. Na ce jini zai zuba, Daudu ya ce masa Malam yana tsoron kada a yi cacar baki.

Sai na bar Hausa na yi masa da gurɓataccen Turancina. Masu gari suna zaune a tabarma, Barau na can baya, shi ma ɗan nawa yana tsaye a gindin bedi.

Di'o ya ce ya gane. Ya ce amma gwamnati na son a yawaita gyaɗa, kuma an riga an shuka, ba zai yi kyau a tuge abin da talaka ya shuka ba. A bari sai bayan kaka, a kafa kwamiti a duba.

Na ce shanun su tsaya a fako har bayan kaka?

Ya ce su zaga.

Na ce ta ina? Ya dubi Daudu. Daudu ya dubi ƙasa.

A nan ne na faɗi abin da na faɗa. Na koma Hausa don kowa ya ji. Na ce babbar gonar da ta toshe mashaya ta ɗana ce, na cikina, ga shi can tsaye. Na ce a fara da ita. A ba ni 'yan doka biyu ni da kaina zan sa hannu in tuge, in an buɗe tasa kaɗai ma garke zai wuce.

Di'o ya miƙe ya ba ni hannu. Ya ce ya ji labarina a Katsina, irin su Malam ne ginshiƙin mulki. Ya ce bayan kaka.

Da na waiga gindin bedin babu kowa.

Laraba, 22 ga Yuni, da hantsi

Bai zo gaisuwar safe ba. Jikokina ma ba su shigo ba, an hana su. Hansai ta ajiye mini abinci ta fita. Da na kira ta ta ce, "A gaban Bature, Malam? A gaban duk gari?" Na ce ina kike so in faɗa, a ina ne ban faɗa ba? Ta ce ita dai ta san ba a yi wa ɗa haka.

Bayan kaka. Na tozarta ɗana a bainar jama'a, abin da na samo ke nan, bayan kaka.

Alhamis, 23 ga Yuni, gab da magariba

Na je rugar Ardo na gaya masa da bakina, ban aika ba. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ka yi iyakarka." Na ce ya ƙara mini kwana kaɗan, zan hau mota in je Katsina, har yanzu akwai waɗanda za su tashi tsaye in na shiga. Ya ce, "Malam, ni da kai mun tsufa. Kai naka bai ji maganarka ba. Me ya sa kake zaton nawa zai ji tawa?"

Mota sai ran Litinin.

Asabar, 25 ga Yuni, da azahar

Shanun sun haye rafin jiya da sassafe.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Kowa da irin tasa. Masu gona sun ce da gangan aka koro garken cikin gyaɗa. Fulani sun ce shanun ne suka ji ƙanshin mashaya suka ɓalle, ba mai iya tare su. An ce masu gona sun kwana a can suna jira, da gatura da barandami. In haka ne, wa ya gaya musu ranar?

An sari Barau a dantse, an kai shi disfensare. Lado an same shi a fuska. An ce idon ba zai yi ba.

'Yan doka sun zo da rana, sun tafi da Lado da samari biyu a ɗaure. Daga ɓangaren masu gona ba a taɓa kowa ba. Yau ofishin nan da na can duk sun san a ƙasar wa kwarin yake, har suna rige-rigen aika 'yan doka.

Hansai ta shigo ta ce ɗan namu lafiyarsa ƙalau, ya dawo gida, ko ƙwarzane babu. Ta ce Tasalla ta ga sandarsa a tsage. Na ce ban tambaye ta ba.

Ban tambaya ba. Ba zan tambaya ba.

Lahadi, 26 ga Yuni, da safe

Na kasa karatun safe. Sai in kai tsakiyar shafi in ga ban san inda nake ba.

Talata, 28 ga Yuni, da azahar

Na sami ganin Lado a gidan wakafi. Mai gadin tsohon yarona ne, ya buɗe mini ba musu. An ɗaure masa rabin fuska da tsumma, ƙudaje na bi. Na sa aka kira malamin disfensare ya wanke ya sa magani, na tsaya a kansa har ya gama. Aikin da na iya yi ke nan a wata guda, wanke ciwo.

Na ce, "Lado, wa ya buge ka?"

Ya juyo da ido ɗayan ya dube ni, ya daɗe. Ya ce, "Baffa, gari bai gama wayewa ba. Ban ga kowa ba."

Na fito na tsaya a rana ban san inda zan nufa ba.

Alhamis, 30 ga Yuni, bayan la'asar

Gaban alƙali. Ba wanda ya kira ni, ni na kai kaina. Na ce ina da shaida. Ya ce in faɗa.

Na faɗi shekarar da aka shata, da waɗanda suka halarta, da inda aka fara da inda aka tsaya. Na ce wurin da shanun suka taka hanyarsu ce, gonakin ne suka shigo musu. Biyu daga cikin masu garin da suka ɗaga hannu a wancan lokaci suna zaune a wurin. Na kira su da suna. Ɗaya ya ce ya tsufa ba ya tunawa. Ɗayan ya ce shi a lokacin yana bayan mutane bai ji abin da aka ce ba.

Alƙali ya ce ya gode wa Malam, amma abin da ke gabansa ɓarna ce da rauni, maganar burtali ta ofis ce. Na ce to raunin Lado fa, ba rauni ba ne? Ya ce wa ake ƙara? Lado ya ce babu. Alƙali ya dube ni ya ce, "Ko Malam yana da wanda zai ambata?"

Duk ɗakin ya juyo.

Na ce ban kasance a wurin ba.

Gaskiya na faɗa. Ban kasance a wurin ba.

An yanke wa Lado wata tara a Katsina. An ce a ware shanu daga garken a biya masu gona.

Juma'a, 1 ga Yuli, bayan masallaci

Ɗan nawa ya wuce ni a sahu. Ni ma ban juya ba. Daudu ya zo har inda nake ya ce ranka ya daɗe ya gajiyar jiya. Na ce masa in ya ƙara ce mini ranka ya daɗe zan mare shi a cikin masallaci. Mutane sun ji. Su ji.

Litinin, 4 ga Yuli, da hantsi

Ina zaure na ji kukan shanu a ƙofar gida. Na fito na taras da Ardo, da kayan tafiya a kafaɗa, ya koro wasu 'yan shanu. Na gane su da ƙyar. Asalinsu karsana ɗaya ce da na saya da albashina na fari na ba shi kiwo, ta yi ta haihuwa. Ban taɓa zuwa na ƙirga ba, shi ma bai taɓa cewa in zo ba. In na buƙaci rago ko sa na biki, aike kawai nake yi.

Na ce mene ne haka.

Ya ce, "Mun tashi. Matan sun yi gaba da jakuna tun jiya. Arewa za mu yi, ƙasar Faransa, wajen Maraɗi. An ce akwai sauran fili."

Na ce ya tafi da su, nasa ne, ni me zan yi da su. Na ce ya ɗauke su a madadin waɗanda aka ƙwace masa.

Ya ce, "A'a. Ba fushi nake ba, Malam. Kayan mutum ne, ban san ran da zan dawo ba, ban san ko zan dawo ba. Ga abinka na kawo maka ina da rai."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gaya mini halinsu. Wannan tana harbi, a ɗaure ƙafar kafin a tatsa. Wannan tana da ciki, sai wajen kaka. Waccan ba ta shan ruwan rijiya sai ta ga wata ta sha. Ina tsaye ina cewa to, to, kamar masinja.

Da ya gama ya ce abu ɗaya yake roƙo. In Lado ya fito, a sami wanda zai tarye shi a ƙofar gidan yari, ya gaya masa inda suka yi, don da ido ɗaya kada ya yi ta yawo yana nema. Na ce ni zan je da kaina. Ya ce ya sani, shi ya sa ya faɗa mini.

Na raka shi har bayan gari. Bai ambaci kowa ba, ni ma ban ambata ba. Ya ce, "Sai wata rana, Armaya'u." Tun da muke bai taɓa kiran sunana babu Malam ba.

Talata, 5 ga Yuli, da azahar

Shanun sun ƙi cin harawa. Sun juya fuska yamma, wajen tsohuwar rugar, suna ta kuka, maƙwabta sun fara magana. Hansai ta gwada tatsa, aka zubar mata da ƙwarya, ta zauna a ƙasa ta yi kuka, na san ba don ƙwaryar ba ne.

Laraba, 6 ga Yuli, da hantsi

Ɗan nawa ya zo. Ya durƙusa a bakin zaure inda ya saba. Ya rame. Ya gaishe ni, na amsa. Ya tambayi gwiwata, na ce da sauƙi. Shanun na ta kuka a bayanmu.

Can ya ce, "Baba, yunwa suke ji. A ba ni su in kai su daji, akwai ciyawa yanzu."

Na ce, "Ta wace hanya?"

Yana nan durƙushe har rana ta iso inda yake, ni kuma ban ce ya tashi ba.